Rarake manifol ɗin iska na Honda Accord 2000: zai ƙara mata ja, ko asarar kuɗi ce?

ɗan_Kawo

Assalamu alaikum manyanmu. Motata Honda Accord ce ta 2000, wadda ake ce wa Bebi Boi, inji F23A mai silinda huɗu, giyar hannu. Ba a taɓa sauke injin ba, ba ta hayaƙi, baƙin mai ma ba ta sha sosai. Damuwata ita ce ta yi nauyi. In zan wuce tirela a hanyar Zariya sai na sauko giya uku kafin ta amsa. An ba ni shawara a cire manifol ɗin shigar iska, wato bututan da ke raba iska zuwa silinda, a rarake cikinsa, a goge shi har ya riƙa ƙyalli, wai iska za ta fi shiga, ta ƙara gudu, ta kuma rage shan fetur. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, milimita nawa ake ci, da wane kayan aiki, kuma me ya fi lalacewa wajen yin sa? Garejin da nake kai ta suna da diril da ƙaramin kwamfiresa.

Injiniyan_Kakuri

Wa alaikumus salam. Malam, aikin na gaske ne, masu motocin tsere suna yin sa, amma wanda ya ba ka shawarar ya sa gishiri da yawa.

Maganar rage shan fetur dai ka cire ta daga ranka. A tuƙin kullum, ko cikin gari ko kana tafe a 100 a babban titi, farantin totur a ɗan buɗe yake, kuma shi ne ke taƙaita iskar da gangan. Komai faɗin manifol, abin da farantin ya bari shi zai wuce. Amfanin rarakewa ba ya fara fitowa sai ka take totur har ƙasa kuma allurar juyin inji ta haura 4,500 ko 5,000.

Duba lissafin. Inji mai bugu huɗu yana shaƙar cikinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. F23A siisi 2,254 ne. A juyi 3,000 a minti, ko da silinda na cika maƙil, iskar da yake nema kusan lita 3,400 ce a minti. A 6,000 ta kusa 6,800. Honda ta ƙera bututan don su ɗauki ta saman, to a 3,000 inda kake kukan nauyi, faɗi bai zama matsala ba tukuna. Abin da ke cika silinda a nan shi ne gudun iskar. Bawul ɗin shiga ba ya rufewa sai bayan fistin ya riga ya fara dawowa sama, kuma iska mai gudu tana ci gaba da kutsawa a wannan ɗan lokacin. Idan gudunta ya ragu, fistin ne zai turo wata waje. A ce bututu zagayayye ne mai milimita 38 ka mai da shi 42: a ido ba wani abu ba ne, amma faɗin bakinsa ya ƙaru da kashi 22 cikin 100, gudun iska ya sauka da kusan kashi 18. Kamar Kogin Kaduna ne, inda ya yi faɗi ruwa kan yi sanyin tafiya ya ajiye yashi. A inji, yashin shi ne feturin da ke kwanciya a bango maimakon ya bi iska. Sakamako: motar ta ƙara nauyi daidai wurin da kake so ta yi sauƙi.

Bayan haka, wuri mafi ƙunci a hanyar iska ba manifol ba ne, bakin bawul ne da ƙwaryar da ke bayansa cikin top silinda. Muddin ba a taɓa can ba, abin da za ka sa rai daga manifol kaɗai ƙarfin doki biyu zuwa biyar ne a can sama, a injin da ya fito da kimanin 150. Ƙafarka ba za ta ji shi ba.

Motar da ta haura shekara 20 ta yi nauyi, ga inda ake fara dubawa. A auna kwamfireshan da injin a ɗumi, totur a buɗe: kada wata silinda ta gaza 135 psi, kada tazarar babba da ƙarama ta wuce 28. A saita bawul da injin a sanyi, na shiga 0.26, na fita 0.30 na milimita. Bawul ɗin fita da ya matse yana zubar da kwamfireshan ba tare da ya yi ƙara ba. A tabbatar bel ɗin taimin bai tsallake haƙori ɗaya ba, musamman in an canza shi kwanan nan. A duba katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ko ya toshe, da ƙarfin famfon fetur. Sai kuma ƙananan ramukan EGR, wato hanyar da ke mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, da ke cikin manifol ɗin kansa: baƙin hayaƙi kan toshe wasu, duk hayaƙin ya tafi silinda ɗaya ko biyu da suka rage, motar ta riƙa tangal-tangal wajen 1,500 zuwa 2,500. Sau da yawa wanda ya cire manifol ya rarake ya ce mota ta farfaɗo, wankin da ya yi wa waɗannan ramuka ne ya yi aikin.

Kada kuma ka manta Kaduna tana kan tudu, mita 600 da ɗoriya sama da teku. Iska na raguwa da kusan kashi 1 a kowace mita 100, don haka injin da ba shi da tobo ya riga ya rasa wajen kashi 6 a nan, kafin a yi maganar zafin Maris da Afrilu. Wannan kam, rarakewa ba ta dawo da shi.

mai_walda_Panteka

Injiniya ya gama maganar ko ya dace. In ka duba duk waɗancan kuma har yanzu kana so, to aikin da ke da amfani iri uku ne kawai: daidaita bakin manifol da na top silinda, cire kaushin zubi da layin da ƙirar ta bari, da kuma zagaye bakin kowane bututu inda ya taso daga tulun iska, wato babban cikin manifol da ke bayan totur. Ban da faɗaɗa tsakiyar bututu, ban da rage tsawonsa.

Kada ka yi a kan na motarka. Sayi ɗan Beljiyam a Panteka, ka ajiye su gefe da gefe, ka ƙirga bakin tiyo da ramukan sensa su zo ɗaya. In aiki ya ɓaci kana da abin mayarwa.

Kayan aiki: diril ba zai yi ba. Juyinsa bai wuce 3,000 ba, ƙarfen yanka zai riƙa tsalle yana barin kwari da tudu. Ana bukatar ƙaramar garanda miƙaƙƙiya mai cin sandar milimita 6. Ta iska tana kai 20,000 zuwa 25,000, amma ƙaramin kwamfiresa mai lita 25 ko 50 ba zai iya ciyar da ita ba, za ka fi daɗewa kana jiran tanki ya cika. Ta lantarki mai maɓallin rage gudu ta fi. Ƙarfen yankan ya zama na kabaid mai manyan haƙora masu tazara, na alminiyam. Mai ƙananan haƙora na baƙin ƙarfe ne, nan da nan yake cushewa. Ɗaya mai siffar ƙwai da ɗaya mai dogon kai sun isa. Ka riƙa tsoma shi a kananzir ko ka goga masa kyandir don kada alminiyam ya manne. Dutsen garanda kuwa kada ma a kawo shi kusa, yana cushewa ya yi zafi, yana iya tarwatsewa. Idan sandar doguwa ce, mai milimita 150, rage gudu zuwa wajen 10,000 kuma kada ka kunna ta sai kanta na cikin rami, don a sarari takan lanƙwashe ta yi bulala. Tabarau dole ne, da takunkumi, kuma a naɗe hannun riga. Tsinken alminiyam a ido ba wasa ba ne.

Inda akasari ake kuskure shi ne ɗaukar gasket a matsayin ma'auni. Ramin gasket ya fi na manifol da na top silinda girma, da gangan aka yi shi haka. In ka buɗe su duka zuwa girmansa, ka yi wa hanyar tumbi a tsakiya: iska ta buɗe, ta rage gudu, ta sake matsewa. Ma'auninka shi ne ramin top silinda. Toshe ramukan da tsumma mai tsabta, ka samo kwali mai ɗan kauri, ka huda masa ramukan kusoshi su kama cif ba wasa, ka ɗora shi, ka bi gefen kowane rami da kan guduma mai ƙwallo kana ɗan bugawa har ya yanke da kansa. Rubuta sama da gaba a jikinsa kafin ka cire, don juya shi baibai yana ɓata dukkan huɗun. Shafe fuskar manifol da baƙar maka, ɗora kwalin, ka zana da tsinken ƙarfe. Lura fa, ramukan kusoshin manifol suna da ɗan wasa, kuma in an rataya shi nauyinsa kan sauke shi ƙasa. A yadda yake zama a kan mota za ka daidaita kwalin, in ba haka ba layinka zai goce da rabin milimita ko fiye.

Kada ka ci har kan layin. Tsaya milimita 0.5 zuwa 1 a cikinsa ko'ina, bakin manifol ya ɗan fi na top silinda ƙanƙanta. Abin da ake gudu shi ne iska ta fito ta ci karo da gefen ƙarfe. In ka zana ka ga manifol ɗin ya riga ya zauna haka, to babu abin ci, ka bar shi.

Abin da ka ci a baki, ka ɓatar da shi a hankali zuwa milimita 30 ko 50 ciki, ba gangare mai kaifi a bakin kawai ba. Hannu ya riƙa yawo, kada ya tsaya wuri ɗaya. A lanƙwasa, bangon ciki, wato gajeren gefe, shafa kawai ake yi masa; in ka zaftare shi kwanar ta ƙara kaifi, iska ta saki bango ta hau juyi. Yatsa ya fi ido gani a nan. Ka yanka ɗan farantin roba daidai siffar bututun farko da ka gama, ka riƙa tura shi cikin sauran, ya tsaya a zurfi ɗaya a dukkansu. Mataki ɗaya za ka yi wa huɗun kafin ka wuce na gaba, kada ka gama ɗaya kaf sannan ka koma na biyu, hannu yana canzawa.

Kaurin bango a irin wannan zubi bai cika wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma ba daidai yake ko'ina ba. Kada ka bar ƙasa da 2.5. Yi hattara kusa da mazaunin nozul mai fesa fetur, da hanyar EGR, da hanyar ruwa da ke ƙarshen fuskar. Mazaunin nozul kada a taɓa shi sam.

Bakin bututu a cikin tulu, nan ne ɗan ribar take. Baki mai kaifi yana sa iska ta tsuke tana shiga. Zagaye shi da lanƙwasa ta kimanin milimita 6 a bututu mai milimita 40, inda nama ya ba da dama.

Gogewa: tsaga kan rodi mai milimita 6 da zarto, ka soka tsirin sanfefa na yadi ka naɗe. A nan diril zai iya aiki. Fara da lamba 60, ka gama da 80.

Sai wanki, wanda ya fi duk abin da na lissafa muhimmanci. Ƙwayar sanfefa ta fi ƙarfen silinda tauri, in ta shiga sai ta cinye rin ɗin fistin. Cire duk sensa da bawul ɗin silo, mai daidaita juyin inji in ba a taka totur ba, tun kafin ka fara aiki. Ruwan zafi da sabulu da burushin kwalba, sau uku, a hura iska a kowane ƙaramin rami, a bi da farin tsumma har ya fito fari. Ban da soda mai ƙuna, cin alminiyam take yi.

Riwaya_TudunWada

Ƙari a kan na Oga mai walda, ta ɓangaren wuta da haɗawa.

Wannan Hondar ba ta auna iskar da ke wucewa kai tsaye. Sensar MAP ce ke karanta matsin da ke cikin manifol, ƙwaƙwalwar motar ta haɗa da juyin inji da zafin iska ta ƙiyasta fetur daga jadawalin da aka zuba mata. In iska ta ɗan ƙaru, a tuƙin kullum sensar oksijin ce ke gyarawa. In ka take har ƙasa kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta sauraron wannan sensar, jadawali take bi. Ɗan daidaita baki bai isa ya jawo matsala ba, don kamfani ya bar rarar fetur a can. Amma da yawa motocinmu an fasa katalis, sensar oksijin ta mutu ko an yanke wayarta. In taka haka take, gyara wannan tukuna.

Bakin injekta, inda farantin totur yake: daidai da'irar da farantin ke kwanciya kada garanda ta taɓa. In ka ci ko kaɗan, iska za ta riƙa zurarewa ta gefe, silo ya tsaya 1,500 ya ƙi sauka, kuma ba shi da gyara sai sauyi.

Wajen cirewa, cire batir, a sauke matsin fetur, a zubar da ruwan lagireto kafin a kwance. Wajen mayarwa, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar manifol ka gwada da filar auna bawul, in 0.2 ta shige, a kai a daidaita fuskar. Sabon gasket, sabbin robobin nozul a shafa musu ɗan baƙin mai. Ban da gam ɗin silikon, fetur na narkar da shi kuma abin da ya matso ciki zai bi iska. Ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje, zagaye biyu ko uku, a ƙare a 22 Nm da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. A fitar da iskar da ke cikin ruwa sosai, don in ta maƙale wajen bawul ɗin silo, allura za ta yi ta hawa da sauka ka ɗauka aikin ne ya ɓaci.

Daga nan a sa kwamfuta a duba gyaran fetur na dogon zango. Tsakanin -5 da +5 lafiya lau. In ya haura +10 a silo amma ya sauko da ka ɗaga zuwa 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma lambar matsala P0171, mai nuna iska ta rinjayi fetur, na tafe. In agogon zuƙa, mai auna zuƙar cikin manifol, za a yi amfani da shi, littafi na cewa inci 17 zuwa 21, amma wannan a bakin teku ne. Ana rage inci 1 a kowace mita 300, to a nan ka cire kusan 2.

ɗan_Kawo

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan fara da kwamfireshan da bawul. Tambaya biyu: me ya sa za a tsaya a lamba 80, ba santsi ya fi ba? Sannan in na cire akwatin iya kilina na sa irin buɗaɗɗen nan mai siffar mazurari, zai taimaka?

Oga_Kurmin_Mashi

Ɗan'uwa, mazurarin nan kada ka soma. Akwatin kamfani daga waje yake jawo iska. Buɗaɗɗen kuwa ta cikin bonet zai sha, wadda ta bi ta lagireto ta yi zafi. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3. In iskar bonet ta fi ta waje da digiri 20, ka zubar da fiye da abin da rarakewar za ta ba ka. Ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da yawansu ba sa tace ta kamar na takarda. Ƙara kawai za ka samu.

Batun santsi kuwa, ina da ɗan saɓani da Oga mai walda. Dokar 60 zuwa 80 ta wurin da fetur ke bi ce, don ɗan kaushi na hana shi taruwa ya zama ɗigo. A wannan injin nozul na can kusa da top silinda, saboda haka tulu da mafi yawan bututu iska ce zalla, ko ka kai 120 ko 180 ba laifi. Sai dai ribar ba ta taka kara ta karya ba, don iskar da ke manne da bango dama kusan a tsaye take, siffa ce ke aiki. Daga nozul zuwa ƙasa dai a tsaya a 80.

Masu wasu motocin da ke karantawa: mai kafireta, da Golf 3 mai 1.8 ɗin nan mai nozul ɗaya a sama, manifol ɗinsu jiƙe yake da fetur daga farko har ƙarshe, in aka goge shi ya yi ƙyalli sai tashin safe ya yi wuya, fulogi su yi baƙi ba daidai ba. Corolla mai 1ZZ ta 2003 zuwa sama da Camry mai 2AZ kuwa na roba ne, cikinsa dama sumul yake, bangonsa siriri, a bar shi yadda yake.

mai_walda_Panteka

Na yarda da gyaran Ogan Kurmin Mashi, a busasshen ɓangare ba laifi, lokaci ne kawai zai tafi.

Abu biyu da ban faɗa ba. In garanda ta huda bango, kada a like daga ciki da gam mai haɗi biyu. Zafi da jijjiga na ɓamɓaro shi, kuma bawul zai nufa. Waldar agon ake yi, bayan an gasa wurin an ƙone man da zubin ya sha, in ba haka ba waldar za ta fito da ƙofofi. Zafin walda na karkatar da fuska, dole a sake daidaita ta. In hudar ta faɗa hanyar ruwa, jefar da shi ka sayi wani, ruwa a silinda yana lanƙwasa sandar fistin. Ko bai huda ba, gwada shi kafin ɗaurawa: rufe bakunan da katako da robar tif, hura iska mai matsin kamar bar 1, ka bi shi da ruwan kumfa.

Na biyu, yadda za ka san ko ka ci riba. Kafin ka taɓa komai, samu miƙaƙƙen titi mara cunkoso, giya uku, daga 60 zuwa 100, wani na gefe riƙe da agogon waya. Zuwa da dawowa, sau uku-uku, ka ɗauki matsakaici. Maimaita bayan saita bawul da wanke EGR, sannan ka sake bayan rarakewa, a titi ɗaya, lokaci ɗaya na yini, fetur daidai, eyasi a kashe. Ka yi haka nan a giya huɗu daga 60 zuwa 90, don nan ne za ka kama in ka kashe jan ƙasa. In lokacin giya huɗu ya ƙaru, mayar da tsohon manifol ɗinka.